Gwaggo Tela Ta Ce Hutun Bana Nata Ne

Gwaggona tela ce. Shekara da shekaru tana duƙe a kan keken ɗinki a ɗan shagonta na bakin titi, har ido ya fara yi mata hazo, zare ya daina shiga allura sai an taya ta. Da aka yi mata aikin ido, likita ya hana ta ɗinki na wata guda. Kowa ya ɗauka kwanciya za ta yi. Ita kuwa ranar da aka ba ta tabarau, sai ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da littattafan da marigayi mijinta ya bari.

A watan nan ba ta ɗaga kai ba. Ta karanta labarin wani matuƙin jirgin ruwa, ta zage shi tas don ya gudu ya bar iyalinsa. Ta fara wani na tarihi, ta kai rabi ta ajiye, ta ce marubucin ya cika surutu. Na binciken kisan kai ne ya fi kama ta, har tukunya ta ƙone a kicin ba ta ji ƙauri ba.

Ana nan sai babbar 'yarta, wadda ke aikin ofis, ta zo.

"Mama, dogon hutu ya kusa. Zan kawo miki yaran kamar kullum."

"Bana kam a'a."

"A'a kuma?"

Gwaggo ta nuna tulin littattafai a gefen gado. "Ga abokan hutuna can."

"Yanzu takarda ta fi miki jikokinki?"

"Takarda ba ta fasa mini kofi. Na raine ki, na raini ƙannenki, na ɗinka wa rabin unguwar nan kaya. Idon nan sabo ne, ni zan fara morarsa."

'Yar ta tafi fuu, ta kai ƙara wurin kawunta, wan Gwaggo. Kawu ya zo ya zauna ya yi ta nasiha a kan zumunci. Gwaggo ta saurare shi da ladabi, yatsanta na cikin shafi.

"Yaya, ka gama? Ranar Asabar su zo, zan karɓe su hannu biyu. Sauran ranakun nawa ne."

Haka aka yi. 'Yar ta sama wa yaran mai kula da su, ta yi kwanaki ba ta kira waya ba. Gwaggo ba ta ba da haƙuri ba. Ta koma shago, amma da safe kawai take buɗewa. Wasu masu kawo ɗinki suka sauya tela, ta ce Allah ya raka taki gona.

Ranar da aka rufe makarantu ta shiga ɗakin karatu na gari, karo na farko a rayuwarta. Ma'aikaciyar wurin ta tambaye ta ko jika za a buɗe wa kati.

"Ni za a buɗe wa, 'yata. Kuma ki nuna mini inda kuke ajiye masu kauri."