Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

Shekaranjiya na ga jikata tana naɗe zare a jikin tsinken tsintsiya, sai na tuna da daminar kurkunu. Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, daga ruwan tabki ake shan ta, ta shekara a jiki, sai damina ta kankama ta huda ƙafa ta leƙo. Haka muke naɗe ta a tsinke, kaɗan yau kaɗan gobe. Ba a ja. In ta tsinke a ciki, an shiga uku.

Ina 'yar ƙarama a ƙauyenmu, can bayan Sakajiki, ta fito wa Baba a idon sawu, daidai lokacin da ciyawa ta taso wa gero. Baba ƙarfi gare shi, ga zafin rai. Salla kuwa yana yi, amma a gurguje, goshi na ƙasa hankali na gona. Kaka, mahaifiyarsa, ita ke zama da tsinke da man shanu tana lallaɓa tsutsar.

"Kai wanga, bari ta hito da kanta," in ji ta. "Ba da hannunka ta shiga ba."

"Inna, ciyawa ba ta jiran mutum."

Rannan Kaka ta zagaya bayan ɗaki, Baba ya kama tsutsar ya ja. Ta tsinke.

Ƙafar ta kumbura har cinya, tana sheƙi. Wanzami ya zo ya yi sakiya da ƙarfe ja wur, warin ƙonannen nama ya cika gidan. Gayya ba ta samu ba, don rabin gari na kwance da irin ciwon. Baba na kan tabarma ƙarƙashin rumfa, yana jin ruwa na sauka a gonar da ciyawa ke cinyewa. Da fari zagi yake yi, ya zagi tabki, ya zagi ƙafar. Kaka dutsen taimama kawai ta turo masa kusa da kai. Sannu a hankali zagin ya ƙare. Sai na riƙa jin salla tana daɗewa a bakinsa, a kwance, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

Abin da muka girbe bai kai mu bazara ba. Muka ci dusa, muka ci tafasa. Nonon mahaifiyarmu ya ƙafe, ƙanena na goye ya rasu. Ƙafar Baba kuma ta sandare, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, a sahun gaba a masallaci.

Da ya tsufa na taɓa tambayarsa ko yana baƙin cikin shekarar. Sai ya ce:

"Ɗiyata, ƙahwar ban yi hasara ba, da ita na san Ubangijina. Yaron ne har yau nike roƙon a ba ni haƙurinsa."

Yanzu kurkunu ya ƙare, ruwan famfo muke sha a Kaura Namoda. Amma gonar tana can, 'yan bindiga sun raba mu da ita. Na ga waɗanda wahalar nan ta kai masallaci, na ga waɗanda ta fitar. Babban ɗana, tun da aka kashe abokin nomansa a gabansa, ladan na kira yana zaune yana kallon bango. Ni ba malama ba ce, ban iya wa'azi ba. Buta nake cikawa in ajiye masa a bakin ƙofa. Yawanci yadda na bar ta nake tarar da ita. Wata rana kuma in ɗaga in ji babu ruwa.