Wa Ya Karɓe Ta Tana Da Rai?

Ina karanta wa Adda Hauwa ƙarshen tsohon littafin da aka ba mu a ajin adabi, ita kuma tana wanke zanin gadon Inna. Labarin wata mata ne da ta bar komai nata saboda danginta.

Adda yayata ce. Ta ajiye gurbinta a makarantar koyon jinya lokacin da jikin Inna ya shanye. Bana ta sake samun gurbi, amma jiya Hamma Bello, babban yayanmu, ya zo daga Nukkai ya ce ta ƙara haƙuri, wai ita ce ta san hannun Inna.

Ta tambaye ni, "To, ya ta ƙare?"

Na ce, "Ta mutu, Adda. Duk garin suka yi kuka. Malam ma ya ce ita ce jaruma."

Ta matse zanin ta ce, "Kuka ai ba wuya, ƙanwata. Wa ya karɓe ta ko yini ɗaya tana da rai?"

Wallahi raina ya ɓaci. Mu shida Inna ta haifa, me ya sa sai mutum ɗaya?

Ban taɓa ɗaga ido gaban Hamma ba, amma yau na kira shi a waya, na ce Adda za ta tafi makaranta, mu biyar mu raba kwanaki. Ya kashe wayar.

Jama'a, rashin kunya na yi? A gidanku wa ake yabo don kada a taimake shi?