Saniyata da Karan Sabuwar Masara

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan manta kakar da na ja da mutanen garinmu kaf a kan karan masara ba.

Gonar da na gada tana bayan Sabiyal. Jigawa ce, ruwa ba ya zama, taki ba ya daɗewa. Shekarar nan na sayo a Jega irin masarar da masana suka gyara wa halitta, mai jure ƙishi, mai wadatuwa da ɗan abin da ƙasa ta ba ta. Ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, gonakin maƙwabta suka yi yaushi, tawa tana tsaye. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe lokacin za ta fara.

Tun zamanin mahaifina, da an yi girbi wani dattijon Bafulatani amininsa yake koro shanunsa su ci kara su bar mana kashi. Kashin nan shi ne ran gonar. In ta rasa shi, baɗi sai yashi. Kaka ta yi, shiru. Na bi shi har ruga.

"Baffa, lafiya ban ga shanu ba?"

"Ɗana, an ce saniyar da ta ci wanga kara ba ta ƙara haihuwa. Ba ni kai dukiyata."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

Kowa! Wallahi raina ya ɓaci, ni kuma dama ba a san ni da haƙuri ba. Saniya ɗaya tak gare ni, da tsohon ciki. Ranar kasuwar Aliero, da hantsi, hanya cike da mutane, na kwance ta. Matata ta riƙe igiyar.

"Malam, ita ke nan gare mu fa!"

"Na sani. Saki."

Na kafa turke a tsakiyar gona, na tara mata kara. Masu wucewa suka tsaya, wani ya ce na zautu. Na ce, "Ku kalla da kyau, kada gobe ku ce ba ku gani ba!"

Yau dai zan faɗi gaskiya: tsoro na ji. Kullum da safe sai na shafa cikinta ina addu'a, amma ban kwance ta ba. Bayan makonni ta haifi maraƙa, lafiyayya sumul. Ban aika kowa ba, na saɓa 'yar a kafaɗa, uwar tana bina har ruga.

Dattijon ya buɗe bakin maraƙar, ya lalube ƙafafunta. Can ya ɗago.

"Karan ya saura?"

Washegari shanunsa suka cika gonar. Daga ranar na gane mutanenmu ba su jin dogon bayani. In ka yarda da abu, ɗaure taka saniyar a kai tukuna.