Mutumin da Yake Sa wa Dawa Hula

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, wanda mutanen Samaru suka sani da Farfesa Tanko, ni kuma nake ce masa Tsoho. Ya rasu ne a irin wannan lokaci, ƙarshen damina, dawa ta yi ciki tana shirin fitar da kai. Ban taɓa rubutu a jarida ba. Iyakar karatuna sakandare, ɗinki nake koyo a wani shago a Sabon Gari, don haka masu ilmi su yi mini afuwa. Ɗalibansa sun yi rubutu a kansa da irin Turancin da sai na karanta layi na sake komawa. Abin da zan faɗa ba ya cikin nasu.

Tsoho yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da aka ɗora a jirgin ƙasa aka kai tsohuwar kwalejin nan ta Kudu, tun kafin a fara kiranta jami'a. Hotonsu yana nan a falonmu, samari sirara cikin kwat ɗin da ta fi ƙarfin kafaɗunsu. Ina ƙarama yakan nuna mini su da kan sandarsa. Wannan ya zama likita, hannunsa ya ceci mata da yawa a wajen haihuwa. Wannan ya ƙare rayuwarsa yana bin tsofaffi ƙauye-ƙauye yana tattara tarihi. "Wannan mai manyan kunnuwan kuwa alƙali ne, amma kada ki yarda da shi, amaryata. Shi ya cinye mini yajin da uwata ta daka." Duk sun tafi yanzu, in ban da mai kunnuwan, wanda muke kira Baba Alƙali.

Aikin da Tsoho ya yi suna da shi a nan Samaru shi ne gajeriyar dawa mai saurin nuna, wadda ba ta jiran ruwan ƙarshen damina. Amma a gonarsa ta kansa, can bayan Zabi, akwai gefe guda da bai taɓa shuka gajeriya ba. Wannan gefen na dawar Ladi ne. Ladi sunan mahaifiyarsa, manomiya, wadda ta rasu a kan addinin kakanninta tun kafin a haifi babana. Dawarta doguwa ce, ta fi namiji tsawo ko da ya ɗaga hannu, ga jinkirin nuna, amma tuwonta fari ne sol, in ya kwana ma ba ya saki. Tsoho ya ce ya zaga ƙauyensu da kewaye bai sake samun mai shuka ta ba.

Kowace shekara, da zarar kai ya leƙo kafin bununi ya fito, wato ƙurar furen nan da iska ke kwasa daga gona zuwa gona, sai ya zaɓi kawuna masu kyau ya rufa musu jakar takarda ya ɗaure ta ƙasa. Ya ce in bai yi haka ba, bununin dawar maƙwabta zai sauka a kanta, baɗi ta fito ba ita ba. Manoman gefenmu har tsayawa suke yi su yi kallo. "Farfesa, yau ma sallar dawa ce? An sa mata hula." Shi kuma ya ce, "Ku dai ku bar naku tsirara."

Da yake hannunsa ba ya kaiwa, ni ce tsaninsa. Yakan ɗora ni a wuya, in riƙe hularsa da hannu ɗaya, ya miƙo mini jaka. Daga can sama ina ganin gonakin mutane har inda ido ya tsaya. In na ɗaure da ƙarfi ya ce na shaƙe masa uwa, in na yi sako-sako ya ce zai sake ni ya auri mai hankali. Ni kuma in ce wa zai auri tsoho mai furfura a kunne.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka raba littattafansa, jami'a ta karɓi wasu. Babu wanda ya tambayi tulun irin da ke bayan ƙofa, sai na ɗauka. Kowace damina ni da Mama muna zuwa mu shuka, in hau benci in sa huluna, in an yi girbi in gauraya irin da toka in toshe bakin tulu. Haka muka yi ta yi har bara.

Bara, da rana tsaka, ina cikin dawar ina duba kawunan da suka isa hula, Mama ba ta zo ba ran nan saboda ciwon ƙafa. Na ji kukan babura, ba ɗaya ba. Sai ihu. Ban san lokacin da na kwanta a kwarin kunya ba, fuskata cikin laka. A gonar da ke jikin tamu Asabe ce ke tsinkar wake, matar da kullum take ba ni ruwa daga gorarta. Gajeriyar dawa ce a gonarta, ko cinya ba ta wuce ba, babu inda za ta ɓuya. Ina jin muryarta tana roƙon 'yan bindigar. Ɗaya ya bi ta gefen gonarmu, ina jin ganye yana gogar rigarsa, bai shigo ba. Dawar Ladi ta rufe ni ruf.

Sun tafi da Asabe, sai bayan watanni ta dawo. Yadda ta dawo da abin da ta gani ba nawa ba ne da zan ba da labari. Ni kuwa ban sake taka gonar ba, tsuntsaye suka yi girbin bara. Tun daga ranar, in iska ta kaɗa ganyen masara a bakin hanya sai in juya in canza hanya. In ɗan acaɓa ya taho ta bayana sai in tsinci kaina a cikin shagon da ban yi niyyar shiga ba. Uwar ɗakina a wurin ɗinki ta mayar da kekena can ciki, nesa da ƙofa.

Nakan tambayi kaina abin da Tsoho zai ce da ya ga wannan zamani. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa don manomi ya samu abin da zai ci, yau ga iri ga ruwa, manomi yana tsoron gonarsa. Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda ban iya yi wa kowa ba: da zai ji cewa dawar da aka yabe shi a kanta ita ce ta kasa ɓoye Asabe, wadda aka yi masa dariya a kanta kuma ita ta ɓoye jikarsa, yaya zai yi? Na san ba laifin dawa ba ne. Na san gajeriyar nan ta cika rumbuna a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, har da rumbun Asabe. Amma ina so da yana nan ya faɗa mini da bakinsa, ya haɗa da tsokanar nan tasa.

Da bazarar bana na buɗe tulun. Na yi yadda ya koya mini, na zuba 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma na naɗe na ajiye. Da na warware, waɗanda suka yi tsiro ba su kai rabi ba. Iri ba ya jiran mutum ya warke. Na gane in damina ta sake wucewa ban shuka ba, dawar Ladi ta ƙare a duniya, kuma a hannuna. Na gaya wa Mama. Ta ce, "Rahila, in kakanki ne ya tashi daga kabari ya ce ki koma gonar nan, ni zan tare ƙofa." Ban yi musu ba, don ko ta bar ni ƙafata ba za ta je ba.

Ana cikin haka tsofaffin ɗaliban kwalejin da 'ya'yansu suka yi taron tunawa da magabata a Samaru, aka ce gidanmu a turo wakili. Na je da Mama. Aka yi ta kiran sunaye, kowane suna da ayyukansa, ana tafi. Da aka zo kan Tsoho aka ambaci littattafansa da ɗaliban da ya yaye, waɗanda wasu yanzu suna koyarwa a ƙasashen waje. Na ji daɗi, amma kamar wani mutum dabam ake yabo. Da aka tashi, sai ga wani dattijo a keken guragu yana yafito ni. Kunnuwan na fara ganewa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Matar abokina ce wannan? Kin ƙi zuwa in gaje ki ko?" Sai ya rage murya. "Ina dawar Ladi?"

Ban san ya san da ita ba. Ya ce shi kuwa ya san ta tun kafin a haifi ubana. Ranar da za su hau jirgi, Ladi ta ji an ce mutanen Kudu ba su san tuwo ba, sai ta cusa wa ɗanta zangarniya guda a cikin kaya, wai in yunwa ta matsa ya shuka. Ya rataye ta a kan gadonsa, 'yan ɗakin suna ce masa baƙauye mai laya. Likitanci aka tura shi ya karanta. Wata rana malamin tsirrai ya gan ta, ya tambaye shi sunanta da yadda ake noma ta, suka yi ta magana har aka tashi daga cin abinci. "Daga nan abokina ya bar mu da gawarwaki da dokoki, ya bi uwarsa."

Na gaya masa komai, abin da ko a coci ban iya faɗa ba. Bai ce in yi haƙuri ba. Sai ya ce, "Bayan gidana a Unguwar Gabas akwai fili, katanga ta kewaye shi. Ba abin da ke ciki sai tsohuwar motar da ta ƙi mutuwa kamar mai ita. Ki zo ki shuka."

Na shuka da ruwan farko. Lokacin tana ƙarama ban ji komai ba, na yi noma na yi huɗa. Da ta wuce kaina sai na koma tsayawa daga bakin ƙofa ina leƙe. Makon jiya Baba Alƙali ya aiko a ce mini kai ya fara leƙowa, kuma maƙwabcinsa na bayan katanga ya shuka tasa dawar. Babana ya kawo mini takardun buhun siminti daga wajen aikinsu a Chikaji, na yanka na ɗinka jakunkuna da su a kekena. Na je da safe, na tsaya a bakin kunyar farko da benci a hannu. Iska ta taso, ganyen ya fara wannan ƙarar. Na kasa shiga.

Baba Alƙali ya sa aka turo kekensa har cikin kwarin kunya, tayoyin suna nutsewa. Ya kama ƙafar bencin da hannu biyu. "Hau, amarya. Na yanke wa manyan mutane hukunci, benci ba zai gagare ni ba."

Na hau. Ina cikin ɗaure ta farko sai babur ya taho ta bayan katanga. Igiyar ta faɗi daga hannuna, na ji laka a bakina kamar ranar. Daga ƙasa na ji muryarsa, ko ɗagawa bai yi ba: "Ɗan acaɓan layinmu ne, salansarsa ta fashe tun azumi. Kullum sai na tsine masa. Ga wata igiyar." Na karɓa. Na ɗaure.

"Kin shaƙe ta," in ji shi. "Sassauta."

A nan na yi kukan da ban yi ba tun bara, ina tsaye a kan benci, dattijo yana riƙe da ƙafar bencin yana jira.

Ba zan ce na warke ba. Jiya ma na shige shagon mai gyaran waya ban shirya ba. Gonar bayan Zabi tana can ciyawa ta cinye ta, ban san ranar da za mu koma ba. Hoton falonmu kuma saura mutum ɗaya a cikinsa mai numfashi, in ya tafi babu sauran wanda zai tuna waye ya cinye yajin wa. Sunan Tsoho zai daɗe a littattafai da bakin ɗalibansa, wannan ba ya bukatata. Abin da ya bari mai bukatar hannu shi ne abin da uwarsa ta cusa masa a kaya, kuma shi ba ya zama a kan kantar littattafai, sai an mayar da shi ƙasa duk shekara.

In kun bi ta Unguwar Gabas kwanan nan kuka hango kawunan dawa sun leƙo ta saman wata katanga sanye da hulunan takarda, ku yi dariya, ba komai, Tsoho ma an yi masa. In an yi girbi, zangarniyar farko ta Asabe ce, ko a bayan ɗaki ta shuka. Da na gama ɗaure ta ƙarshe ran nan ban sauko nan da nan ba. Na tsaya ina kallon rufin gidajen Sabon Gari ta saman ganye, sai na lura tsawona a kan bencin nan daidai yake da lokacin da nake kan kafaɗar Tsoho. Allah ya ba ka hutawa, angona. Uwarka ta sa hula bana.