Ranar da Raguna Suka Yi wa Malam Makau Shiru

Idan Malam Makau ya fito daga masallaci da asuba, ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Hannu yake ɗagawa ya wuce. Baƙo zai ce girman kai ne, amma mutanen unguwarsu a Gummi sun san muryar ce ba ta farka ba tukuna. Yana shiga gida sai ya hura wuta, ya dafa ruwa, ya raba shi biyu. Ya surka rabin ruwan ya kai wa matarsa Sahura, ya tashe ta zaune, ya gasa mata ƙafar hagu, ya shafa man kaɗe. Ɗaya rabin ya jefa citta da ɗan zuma, ya zauna bakin gadonta yana kurɓa. Sai maƙogwaro ya buɗe sannan ya karanta mata tallan shirin da zai ɗauka a ranar. In ta gyaɗa kai, ya tashi. In ta ce, "Malam, wanga ba gishiri," to ya koma ya sake, ko da kuwa koko zai huce.

Wanda bai san sunan ba ya san muryar. Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, a gida ne ko a shagon mai shayi, ya ji ta tsakanin shiri da shiri tana faɗin abin da ke tafe: "Jama'a, yau bayan sallar isha'i akwai wasan kwaikwayo. A matso da tabarma!" Fuskarsa ce ba a taɓa nunawa ba. Shi ya sa mutane suka ƙera masa jiki a zuciyarsu, ƙato mai faɗin ƙirji da rawani. Ranar da wani ɗan acaba ya ɗauko shi daga tashar Anka, ya ji ya ce "tsaya nan," saura kaɗan su faɗa kwata. Ya juyo ya ga ɗan siririn dattijo da hula ta sha wanki, ya ce, "Baba, don Allah ina kaka ɓoye ta?"

Ba daga sama ya samo ta ba. A tashar talabijin da ya yi aiki a Gusau ya tarar da marigayi Malam Bature, wanda tsofaffi ke tunawa da murya mai kauri da ja, in ya ce "labaran duniya" har kaji sai sun natsu. Shi ya koya wa Makau ya riƙa magana kamar mutum ɗaya ne a gabansa. Yaran yanzu ma akwai masu murya, Allah ya sa albarka, sai dai wasunsu ihu suke kamar masu tallan maganin basir a tasha, kowane shiri a wurinsu "ba a taɓa yin irinsa ba." Haba! In kowane shiri ba a taɓa yin irinsa ba, na jiya fa?

Malam Makau bai taɓa tallan shirin da bai kalla ba. Kuma yana da wata al'ada da masu kallo suka gano da kansu. In shiri ya yi kyau, zai rufe da "a matso da tabarma." In shirin lami ne, zai faɗi lokacinsa cikin ladabi ya yi shiru. Matan aure a Bukkuyum da wannan suke sanin ko su gaggauta tuwon dare ko su yi shi a natse. Masu shirya wasanni sun sha yi masa ƙorafi, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ku gyara wasan, tabarma tana nan."

Wannan gaskiyar ce ta yi rana a shekarar da gubar dalma ta shiga yara a Yargalma da Bagega. Ma'aikatan lafiya sun yi ta bayani, iyaye suna ɗari-ɗari. Aka nemi Malam Makau, ya ɗauki sanarwa, aka ɗaura lasifika a babur ana zagayawa da ita ƙauye-ƙauye. Habsu, wadda a lokacin take aure a Yargalma, ta ce tana tsakar gida, maigidanta na daka dutsen zinari a gefe, ɗiyarta na rarrafe cikin ƙurar, sai ta ji muryar da ta saba kiran ta kallo tana cewa, "Inna, yau ba kallo. A naɗe tabarma, a ɗauki yara a kai a duba jininsu. Kada a sake daka dutse a cikin gida." Ta ce ko mayafi ba ta tsaya nema ba, zanen gado ta yafa, ta saɓi yarinyar ta kai aka duba ta. Yarinyar nan yanzu ta yi aure. Habsu kuwa daga baya ta dawo Gummi, Allah ya haɗa ta katanga ɗaya da mai muryar.

Kai ne, Malam, wanda ka hana bakinka yabon abin da bai kai ba, har ranar da ka ce a gudu aka gudu.

To, sai jarrabawa ta zo gidansa. Sahura ta faɗi, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, magana ma sai da ƙyar. A Gusau ɗaki ɗaya suke haya, ba mai juya ta in ya tafi aiki. Ya kwaso ta ya dawo Gummi cikin danginta. Hanyar Gusau kuwa, kowa ya san yadda ta koma, ba hanyar da mai jinya zai riƙa bi kowane mako ba ce. Sai ya share ɗakin ajiyar hatsi, ya jingina tsofaffin katifu a bango, ya manna kwalayen ƙwai a rufi, ya rataya bargo a ƙofa. Nan yake ɗaukar tallan ya aika Gusau ta waya. Aikin nan shi ne maganin Sahura, shi ne kuma abincin gidan. In ya koma Gusau ya bar ta, in ya zauna ba aiki ya rasa abin jinyarta.

Abin ya tafi lallaɓa-lallaɓa har Babbar Salla ta matso. Unguwarsu kuwa unguwar masu turka ce, kowane gida da ragunansa a ɗaure, ga na sayarwa ga na layya. Ya ɗauki babban tallan shirye-shiryen Salla ya aika. Ba a jima ba shugabar sashensu, Hajiya Zinatu, ta kira shi, ta kunna masa abin da ya aiko. Ya ji kansa yana cewa, "Jama'a, a wannan Salla mai albarka," sai wani rago ya amsa daga bayan katanga da iyakar ƙarfinsa. Wani ya karɓa. Can ƙasa kuma injin niƙan maƙwabcinsu Tasi'u na ta gurnani.

Hajiya Zinatu ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta gyara murya. Ta ce, "Malam, wallahi ba na son in rasa ka. Amma masu ba mu talla sun fara magana tun a kan injin nan. Wannan shi ne tallan da ya fi kowanne a shekara. Ko ka zo Gusau ka zauna, ko ka aiko mini da shi tsaf kafin jajibere. In ba haka ba, dole in ba wani, kuma in na ba shi ya zauna ke nan."

Ya gwada da dare, janaretoci da kwaɗin damina suka ce ba su san zancen ba. Ya gwada da asuba, ga zakaru, ga muryar ba ta buɗe ba. Ya ƙara bargo a kan bargo har ya kusa suma don zafi, kukan rago ya ratsa. Ranar nan ya fito ya zauna bakin gadon Sahura, ya yi tagumi. Tsoro ya kama shi sosai, bai kuma ɓoye mata ba.

Ta dube shi, ta tattaro kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Malam, ka taɓa jin rago na kuka da harawa ga baki nai?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "To kira min Habsu."

Dabarar ke nan. A hana ragunan unguwa kalaci tun safe, sannan a zuba musu gaba ɗaya a lokaci guda. Malam Makau ya ce shi kam ba zai iya roƙon mutane su bar dabbobinsu da yunwa saboda shi ba. Habsu ta ce, "Wa yac ce kai za ka roƙa?" Ta ja mayafi ta fita. Gida-gida ta bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tasi'u ya ce shi zai ba da alama, tunda ba kunnen da injinsa bai kaiwa: da an ji ya mutu da hantsi, a zuba. Mai jaki ya ce zai ja abinsa bakin gulbi. Masu daka suka ce turmi zai huta.

Alhaji Bala ne kaɗai ya turje, mai rago mafi girma da mafi baki a unguwar, ragon da ake zargin shi ne ya fara amsawa a faifan. Ya ce, "Rago nau in sa shi azumi, ga Salla ta iso? In ya rame wa ka biya na?"

Habsu ta ce, "Alhaji, ragon ga ko ƙofa bai iya wucewa sai an karkata shi. Hantsi ɗai munka roƙa. Kuma ranar da jikanka yab ɓace kasuwa, muryar wa anka sa ga lasifika?"

Alhaji ya sosa ƙeya ya ce ai shi da ma wasa yake.

Wayyo, safiyar nan! Ba a taɓa jin kuka irin nata a Gummi ba. Raguna masu yunwa suka haɗa baki, har mutanen wata unguwa suka aiko a ji ko lafiya. Mata na tsaye da ƙwaryar dusa a ɓoye bayan zane, maza sun rungumi damin harawa suna jira. Malam Makau ya sha ruwan cittarsa, ya shiga ɗaki, ya saki bargo. Sahura ta sa aka kawo ta bakin ƙofar a kujera. Sai injin Tasi'u ya yi tari ya mutu.

Kukan ya riƙa yankewa gida bayan gida, har ya rage ragon Alhaji Bala, shi ma ya yi guda ɗaya na ban kwana ya dulmiya baki cikin dusa. Unguwa ta yi tsit.

Nan fa gwanin ya kasa. Ya buɗe baki, ya tuna duk mutanen nan suna tsaye a gidajensu sun riƙe numfashi saboda shi, sai ƙwalla ta cika masa ido. Ya fara, murya ta karye. Ya sake, ta sake karyewa. A waje kuwa harawa na tafiya, don rago mai yunwa ba ya tauna da yanga. Sai ya ji an buga ƙofa da sanda, ya ji muryar Sahura a hankali: "Malam, bari kukan sai an jima. Harawa na ƙarewa."

Dariya ta kuɓuce masa, ta wanke maƙogwaron. Ya ja numfashi ya ɗauka daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, murya cike, mai daɗi, kamar wanda aka yi wa albishir. Yana rufe baki wani ɗan rago ya ce me, amma ya makara.

Da yamma Hajiya Zinatu ta kira. Ta ce ta saurara har sau ba adadi tana neman inda za ta kama shi, ba ta samu ba, kuma ya faɗa mata gaskiya ko Sakkwato ya je ya ɗauka. Da ya ba ta labari sai ta ce, "Zauna wurin matarka, Malam. Ka gaishe mini da mutanen unguwa."

Ranar Salla aka taru a ƙofar gidan Alhaji Bala ana kallo. Da tallan ya zo, ba wanda ya kula da abin da ake faɗa, kowa ya kasa kunne yana sauraren bayan muryar. Alhaji ya daki ƙirji ya ce wa baƙinsa, "Kun ji shirun ga? Rabinai na rago nau na." Ragon kuwa a lokacin yana cikin tukunya.

Daga ranar, Tasi'u ya mayar da kashe inji da hantsi al'ada, duk Salla kuma Habsu ta zagaya gidaje, har watan jiya da Malam Makau ya ajiye aiki don kansa, da muryarsa garau.

Malam, mun gode. Kai ne ka yi shekaru kana kiran mutane su kalli wasu, ba ka taɓa cewa a kalle ka ba. Kai ne aka ba zaɓi tsakanin aikinka da matarka, ka ƙi sakin ko ɗaya, maƙwabta kuma suka kama maka saboda sun san abin da ka shuka a cikinsu. Mun gode wa Habsu da Tasi'u, har da Alhaji Bala. Masu tasowa a wannan sana'a, ku kalli shiri kafin ku yabe shi, ku kuma zauna da maƙwabtanku yadda in rana ta ɓaci za su tsaya muku. Sauranmu, in akwai mai jinya a bayan katangarmu, mu leƙa mu tambaye shi abin da ke hana shi aiki, wataƙila abin yana ɗaure a tsakar gidanmu.

Ranar da aka yi masa walimar ban kwana a ƙofar gida, an nemi ya yi jawabi, ya tashi ya gyara hula. Bai kai ga buɗe baki ba aka ga labulen zaure ya motsa. Sahura ce, da sanda a hannun dama, tana jan ƙafa, ba mai riƙe da ita. Ta tako har tsakiyar taro ta tsaya kusa da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana magana ya dube ta, ya dubi jama'a, ya matsa gefe ya bar mata fagen. Ita ta yi mana godiyar.