Agogon da Na Buɗe Gaban Mahauci

Wautata ta fi shekaruna yawa, kuma shekarun ba kaɗan ba ne. Aji uku na yi a firamare a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, na gudu, na ƙare a Sakkwato ina gyaran agogo a wata 'yar rumfa a Runjin Sambo. Da wannan aji ukun ne na taɓa ɗaura niyyar kayar da mutum a muhawarar addini.

Mutumin maƙwabcina ne, mahauci, teburinsa na jingine da rumfata. Shekara talatin benci ɗaya muke zama. In ya tafi salla ni ke kore masa ƙuda, ran Lahadi shi ke karɓar mini agogon mutane. Mukan taɓa zancen addini sama-sama, kuma duk abin da ya tambaye ni sai in ce, "To, ni dai a ganina..."

Wata rana ya ce, "Mai agogo, wanga gani naka da ba ya aiki sai da gilashi, shi za mu bi?"

Aka yi dariya. Na taya su, amma abin ya ci ni.

A lokacin an kawo mana sabon fasto, matashi, ya buɗe aji bayan sujada kan yadda ake kare bangaskiya da hujja. Ya ce "a ganina" ba hujja ba ce, mahaukaci ma yana da nasa ganin. Daga wani littafin ƙasar waje yake fassara mana. Yawanci ta saman kaina yake wucewa, sai ran da ya ce in ka tsinci agogo a daji ka san wani ne ya ƙera shi, haka ma duniya. Saura kaɗan in miƙe tsaye. Ashe hujjar tana cikin rumfata tun tuni.

Mako biyu ina bita. Matata ta ce, "Baban yara, garin nan ba a wasa da zancen addini. Kalma ɗaya ta zame maka, ka rasa aboki, mu rasa zaman lafiya." Na ce mata da can ne nake da ra'ayi, yanzu hujja gare ni.

Ranar, bayan la'asar, yana wanke wuƙaƙe, na shimfiɗa ƙyalle a kan benci, na buɗe wani tsohon agogo, na zazzage kayan cikinsa. 'Yan kabu-kabu biyu suka matso kallo. Ganin su ya sa maganar matata ta dawo mini, amma na riga na buɗe baki.

"Alhaji, wannan zai iya haɗa kansa?"

"Ba shi iyawa."

"To rana da wata fa, da saniyar da kake yankawa?"

"Su ma haka."

"Ke nan akwai wanda ya yi su," na ce, na buga gwiwa.

"Ƙwarai kuwa. Allah Mahalicci."

Na tsaya ina jira. A littafin, nan ne abokin gardama yake musantawa, kuma na haddace amsa uku don musun. Ba wanda ya musa. Ɗaya daga 'yan kabu-kabun ma cewa ya yi, "Wallahi tsoho ya iya wa'azi." Sai a lokacin na gane an rubuta littafin ne don mutanen da suke cewa babu Allah, ni kuwa a duk zamana a unguwar ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba.

Ajiyar zuciyar da na yi, har ƙyallen sai da ya motsa. Wani ɗan mitsitsin ƙarfe ya faɗa ƙasa, muka duƙa ni da Alhaji muna nema a cikin yashi, ina ba shi labarin littafin fasto, ba mu sami ƙarfen ba. Agogon bai ƙara tafiya ba. Abokina kuwa yana nan, har ya ƙunsa mini hanta in kai wa matata.

Ina rufe rumfa ya ce, "Mai agogo, wagga hujja ai tamu ce duka. Shi dalilin da ya sa kai coci kake zuwa, a wane shafi yake?"