Gabas ɗin Ba Modu da Majami'ar Sabon Lotisma

Cikin shekarun da na yi ina awon filaye a Diffa, ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban wani gini da ni kaina na sa wa takardarsa hannu ba, na ɗora busol, na'urar nuna gabas da yamma, a tafina, na ga ginin ya karkace. Tun da ku yaran biro, ofishin nan namu, kun matsa sai na ba ku tarihin majami'ar ƴan Angilika, to ku saurara, ku ji shi daga bakin wanda ya riƙe ma'auni.

A lokacin ni ne shef na sashen awo, ƙarƙashin darekta. Shekarun ne da mutane suka yi ta ƙetaro Komadugu daga Najeriya, gari ya cika, har gonakin gero na bayan gari suka koma lotisma, wato filin da hukuma ta yanka gida-gida da tituna a kan takarda. Ƙa'idar aiki ita ce: mu kafa born, dutsen siminti, a kusurwa huɗu na fili, mai fili ya kawo pilan, a ba shi permi, wato takardar izinin gini. Idan gini ya tashi mu koma mu auna. In ya saɓa wa pilan, ko ya ci tazarar da doka ta ce a bari tsakanin bango da titi, hukuncinsa rushewa.

Cikin waɗanda suka ƙetaro akwai ƴar jama'ar Kirista, ƴan Angilika. Sun fara ibada a ƙarƙashin rumfar zana, suka koma ta kwano, daga bisani suka sami fili a ƙarshen lotisma. Shugabansu Rabaran Yohanna ne, dogon mutum mai sanyin murya, wanda ke kirana “Ranka ya daɗe” ko da ya same ni ina cin gyaɗa. Ya bayyana mini cewa a al'adarsu bagadi, wato teburin ibada, yana zama a gabashin ɗaki. Na ce wannan ba wuya, domin titunan lotisma ɗin ni na ja su, daga gabas sak zuwa yamma sak. Aka zana pilan daidai da titi, na sa hannu.

Magininsu kuwa Ba Modu ne, tsohon Babarbare, wanda rabin masallatan kwarin nan hannunsa ne. Ranar da za a ja igiyar harsashi an tura ni aiki Maine-Sorowa. Maimakon in je in kafa masa turaku da hannuna, kamar yadda aka koya mana a makaranta, sai na tare shi a ƙofar biro na ce masa ya sa ginin ya dubi gabas. Ya ce in kwantar da hankalina, gabas kam ko an rufe masa ido ya san ta.

A nan ne ilimina ya ci amanata. Gabas ta busol ɗaya ce. Gabas ta Ba Modu kuwa ita ce wadda ake fuskanta a yi salla, kuma daga Diffa alƙibla ta karkata arewa da kusan digiri ashirin. Ni Musulmi ne, sau biyar a rana nake duban wannan gabas ɗin, amma da na shiga biro sai in manta da ita.

Da na koma duba aiki, bango ya kai tagogi. Matan majami'ar ne suka ɗebo ruwan, mazan suka buga bulo bayan sun taso daga gonakin tattasai. Ginin ya tsaya a karkace cikin filinsa kamar hular ɗan kasuwa, kusurwa ɗaya ta kusa taɓa titi. Bugu da ƙari, da aka ce wa Ba Modu a yi wa bagadi ɗan lungu a bangon gaba, sai ya zuba musu mihirabi mai kyan gaske. Na tarar da wasu Fulani biyu masu wucewa sun ɗaure raƙuminsu, suna sallar azahar a inuwar bangon, hankalinsu kwance.

Na tambayi Ba Modu wa ya sa shi wannan aiki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da lakabin Faransanci da ake kiran ma'aikata da shi.

“Mushe, kai ka ce gabas. Ko akwai wata wadda kuka ɓoye a biro?”

Darekta, wanda aka turo mana daga Yamai, mutum ne mai ƙaunar doka fiye da abincin rana. Ya karanta rahotona, ya ce a rushe, a sake. Na san abin da wannan ke nufi: mutanen da suka bar gidajensu a rushe a ƙetaren kogi za su tsaya su ga hukuma ta rushe musu na farko da suka gina a nan, kuma saboda kalma guda da ta fito daga bakina. Na roƙe shi. Ya ce ƙofa ɗaya ce doka ta bari: a ɗakin ibada ana iya yafe tazara idan addinin masu shi ne ya wajabta fuskar ginin, kuma a kawo hakan a rubuce. Ya ƙara da cewa yana ɗokin ganin takardar da za ta ce Angilika ta wajabta duban Makka.

Na je na sami Rabaran Yohanna, na faɗa masa gaskiya duka, har da laifina. Ya ce shi ba zai rubuta ƙarya ba, ko da za a kwashe bulo ɗaya-ɗaya. Ba Modu, da ke zaune kan buhun siminti, ya ce shi ma bai taɓa rushe bangon da ya dubi gabas ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Na tambayi Rabaran ko littafinsu ya faɗi digiri nawa ne gabas. Ya ce a'a. Abin da ya ji daga malamansu shi ne, magabata kan sa majami'a ta dubi inda rana ke fitowa ranar bikin waliyyin da aka sa mata sunansa. Na tambaye shi sunan wannan. Ya ce ba su zaɓa ba tukuna, dattawa na ta gardama.

Ku da kuka dogara da na'ura ba ku san darajar tsohon karatu ba. Rana ba ta fitowa wuri guda duk shekara. Da farkon damina tana karkata arewa. Na koma biro na buɗe jadawalin rana da muka yi karatu da shi, na lissafa. Ginin Ba Modu yana duban mafitar rana ta ƙarshen watan Yuni, bambancin bai kai a yi magana ba. Na kai wa Rabaran, na ce ya duba ko suna da wani waliyyi a wannan mako. Ya buɗe kalandarsu, ya duba, sa'an nan ya cire tabarau.

“Ranka ya daɗe, Bitrus ne. Ashe shi ya zaɓe mu.”

Dattawa suka amince da sunan a ranar Lahadi, Rabaran ya rubuta takarda wadda babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Darekta ya karanta ta sau biyu, ya karɓi jadawalina ya sake lissafin da kansa, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin an nemo wa katanga waliyyi ba. Ya buga hatimi.

Abin da na koya shi ne, ma'auni ba ya aika kalma inda ya kamata ya kai turke, domin kalma tana da gida fiye da ɗaya a kan mutane. Na kuma koyi yadda ake yin tarihi. Da suka yi bikin cika shekaru, sun buga ɗan littafi da ya yabi zurfin ilimin waɗanda suka daidaita ginin da fitowar rana. Na karanta wa Ba Modu wurin. Ya gyara zama, ya ce wannan gaskiya ne, sai dai sun manta su rubuta cewa har da ƴan boko a wurin amma Allah ya kiyaye.